Ƙaguwar Cikin Kwamfuta Da Idon Mahaifiyata

A lokacin da wannan abu ya faru, ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Mubi. Ina haya a Yelwa tare da matata da 'yarmu ta fari, wadda ko rarrafe ba ta fara ba. Asalina daga duwatsun Michika nake, kuma a gidanmu ni ne na fara zama a aji har na fito da digiri, abin da ya sa kaina ya kumbura fiye da yadda ya kamata. A ɗakin malamai an san ni da gardama. Ko cewa aka yi yau ana zafi sai na kawo dalilin da ya sa jiya ta fi. A gida kuwa, tun da mahaifinmu ya rasu, maganata ce ake bi: ni ne babba, ni ne na yi karatu, ni ne nake zaune a gari. Na daɗe ina so in rubuto muku wannan labari ina fasawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin babu mai laifi a cikinsa sai ni.

Shekarun nan ne da ake soka modem a jikin kwamfuta, a ɗauki kujera a koma gindin mangwaron bayan ofishin shugaban makaranta, don nan ne kaɗai sabis yake tsayawa. Wani abokin aikina mai koyar da kwamfuta ya ga yadda nake son karance-karance, sai ya liƙa mini wani ɗan abu a burauzata, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Da farko yakan tambaye ka abubuwan da kake sha'awa, ka zaɓa. Daga nan sai wani maɓalli ya bayyana a sama. Kana danna shi, sai ya jefa ka wani shafi da ba ka taɓa sanin yana duniya ba. A gefen maɓallin akwai hoton babban yatsa guda biyu, ɗaya ya kalli sama, ɗaya ya kalli ƙasa. In shafin ya yi maka ka danna na sama, in bai yi ba ka danna na ƙasa. Abokin nawa ya yi mini bayanin amfanin yatsun nan, amma hankalina ya riga ya tafi wajen dannawa. Na zaɓi taswira, da duwatsu masu aman wuta, da noma, da lafiya, da maganin gargajiya, saboda a lokacin zogale ya shiga raina har matata tana tsokanata wai saura ruwan wanka in zuba masa.

Ba zan yi wa abin ƙarya ba, na ji daɗinsa ƙwarai. Ina zaune a Mubi ya kai ni garin da rana ba ta faɗuwa wata da watanni, ya nuna mini yadda ƙudan zuma ke sanar da 'yan'uwansa inda fure yake, ya nuna mini mutanen wata ƙasa mai nisa da suke gina gonaki hawa-hawa a jikin dutse kamar namu. Ɗalibaina sun amfana, don darasina ya daina zama na allo da alli kawai. Abin da ya fi burge ni shi ne ban san inda zai kai ni ba. Nakan ce wa malamai injin bincike bawa ne, abin da ka aike shi zai kawo, amma wannan maɓalli ɗan gari ne mai jan hannunka ya kai ka lungun da ba ka sani ba.

Kafin in ci gaba sai na ba ku labarin kakana na wajen uwa, don in ba shi ba, ba za ku gane irin wautar da na yi ba. Shi mai duba ne, da ƙaguwa yake dubansa, kamar yadda tsofaffin duwatsunmu suke yi kafin zuwan coci. Ina yaro na sha leƙensa. Zai zuba jiƙaƙƙen yashi a kasko, ya tambayi baƙon abin da ya kawo shi, sannan ya kafa guntayen kara da fasassun ƙwarya a cikin yashin: wannan kai ne, wannan gidanka, wannan hanya, wannan kabari. Sai ya ɗauko ƙaguwa daga tulu, ya yi mata magana a hankali, ya sa ta a kaskon, ya kife da wani. In an jima ya buɗe, ya dubi abin da ta ture da abin da ta bari, ya faɗa wa mutum ya yi tafiyar ko ya fasa. Da na zama malami, wannan kakan nawa na mayar abin misali a aji. Nakan kwaikwayi yadda yake raɗa wa ƙaguwa, yara su yi ta dariya, in ce musu ku dubi inda muka fito, dabbar da ko tafiya a miƙe ba ta iya ba ita ake tambaya hanya.

Ana nan sai ƙanwata, wadda take aure a Kwaja, ta je gida wajen mahaifiyarmu ta dawo da labarin da bai yi mini daɗi ba. Ta ce Mama ba ta ganin mutum in ya zo ta hagunta, sai ya yi magana ta zabura. Muka ɗauko ta muka kai ta wajen likitan ido. Ya auna, ya haska, ya ce hawan jinin ido ne. Ya yi mana bayani da Hausa mai sauƙi don Mama ta ji, cewa ruwan cikin idon ne yake taruwa yana danne jijiyar gani, a hankali, ba tare da zafi ba. Na hagu ya riga ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama yana nan, kuma shi za a yi wa faɗa. Ya ba mu maganin ɗigawa, ya ce mu dawo. Da muka koma ya ce maganin yana taimakawa amma bai isa ba, gara a yi aiki tun da sauran gani, kuma ya rubuta mana takarda zuwa wani asibitin ido a Yola. Ya ja kunnenmu cewa kafin aikin kada a fasa ɗigawa ko na rana ɗaya.

Muka koma gida cikin keke napep. Da muka shiga tsakar gida Mama ta zauna a tabarma, ta koma yarenmu, ta ce ita wuƙa a ido take tsoro. Ta tuna mana wata tsohuwar maƙwabciyarmu da wani mai yawo da allura ya taɓa wa ido shekarun baya, ta makance ɗungum. Ga damina ta ƙarato, gyaɗarta da wakenta ba mai shuka mata. Ƙanwata ta ce wancan ɗan damfara ne, wannan likita ne, a bar maganar gyaɗa. Mama ta juyo da idonta mai gani ta dube ni, ta kira ni Malam, kamar yadda take kirana tun ranar da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana. Ta ce ita ba ta san boko ba, duk abin da na ce shi za a yi. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce ni ma tsoron nake ji. Ni mutum ne da ko yankan kaza ba na tsayawa kallo.

Washegari lokacin hutun tara a makaranta, na zauna a gindin mangwaro zuciyata a cushe. Na ƙara ido a cikin abubuwan da nake sha'awa, na danna maɓallin. Shafin da ya fara fitowa hoton ido ne an buɗe shi da wasu ƙarafa, hannu cikin safa yana riƙe da wani abu mai tsini. Ko layi ɗaya ban karanta ba na danna yatsan ƙasa, na sake danna maɓallin. Sai ga wata tsohuwar Baturiya tana murmushi a cikin lambunta, tana ba da labarin yadda likitoci suka ce sai an yi mata aiki, ta ƙi, ta koma ruwan karas da ganyaye da motsa ido, yanzu tana zare allura da kanta. Na karanta har ƙarshe, na ji wani sanyi ya ratsa ni. Na danna yatsan sama da ƙarfina.

Daga ranar abin ya fara. Gobe in danna, sai ga wani mutum yana cewa maganin ɗigawa sinadari ne da yake raunana ido. Jibi sai ga shafin da ke koyar da rufe ido da tafin hannu da juya ƙwayar ido dama da hagu. Tsakaninsu taswira da duwatsu suna fitowa kamar da, amma maganar ido ta riƙa dawowa, kuma kullum bakinsu ɗaya. Ga lissafin da na yi wa kaina, ni mai digiri: da ni na shiga injin bincike na rubuta cewa ina neman hanyar da za a kauce wa aiki, da sai in ce abin da na nema na samu. Amma ni ban nema ba. Shafuka ba iyaka a duniya, me ya sa waɗannan suke zuwa gare ni, a daidai wannan lokaci? Na fara yin gajeriyar addu'a kafin in danna, ina cewa Ubangiji ya nuna mini hanya. In shafin ido ya fito sai tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa tsayawa na ce wa kaina, kai Malam, me ya raba ka da mai kife kasko ba.

Ranar da na sanar da shawarata, ƙanwata ta zo daga Kwaja da goyonta. Na ce an ɗage aiki sai bayan kaka, za mu gwada hanyar da ba wuƙa. Ta tambaye ni wane likita ne ya faɗa. Na ce mutane da yawa a ƙasashen da suka fi mu ci gaba. Ta ce ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa duba idon Mama? Maimakon in ba ta amsa sai na hau ta da faɗa, na ce wadda ta tsaya a aji uku ba za ta koya mini karatu ba. Hawaye suka zubo mata, ta ce Yaya, ido ɗaya ne fa ya rage. Har yau in na tuna yadda ta faɗi kalmar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. Matata ta ja ni gefe ta ce ko ba komai a ci gaba da ɗigawar, na ce mata ɗigawar ce ma matsalar. Mama kuwa fuskarta ta washe, don an ce ba wuƙa, kuma za ta kama shuka. Na sa ta a mota da buhun karas da garin zogale da kwalbar zuma, na koya mata juya ido tana yi tana dariya. Da maganin ɗigawar da ke hannunta ya ƙare, ban aika da wani ba.

Duk daminar nan ta waya muke gaisawa. In na tambaye ta jiki, sai ta ce da sauƙi. In na ce idon fa, sai ta ce da sauƙi, Malam, mun gode Allah. Ni da aka haifa a ƙasar nan, na san ko mutum yana kan gadon asibiti da ruwa a hannu, da sauƙi zai ce. Na sani sarai. Amma na ɗauki gaisuwa na mayar da ita sakamakon gwaji, har ina ba malamai labari cewa tsohuwata tana samun lafiya ba tare da aiki ba. Da ruwa ya yi nisa ƙanwata ta sake hawa dutse, ta kira ni daga can. Ta ce Mama da bango take bi zuwa rumbu, kuma ta same ta a gona tana cire gyaɗa tare da ciyawa. Na ce mata haka waraka take, sai abu ya ɗan yi tsanani kafin ya sake. Wannan ma a wani shafi na karanta, kuma na ba shi yatsan sama.

Ba a kai ga cire gyaɗa ba ƙanwata ta daina neman izinina. Ta je ta ɗauko Mama, a babur zuwa bakin titi, a mota zuwa Mubi. Ina dawowa daga makaranta na same su a tsakar gida. 'Yata ta fara tafiya a watannin nan, kuma Mama ba ta taɓa ganin tafiyarta ba. Yarinyar ta taka dagwas-dagwas ta je ta tsaya a gabanta. Matata tana cewa Mama ga kishiyarki ta zo gaishe ki da ƙafarta. Mama ta yi murmushi, ta miƙa hannu biyu, amma sama da kan yarinyar, tana laluben iska, idonta a kan bangon da ke bayanmu. Jakata ta faɗi daga hannuna ban sani ba.

Likitan bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya haska idon ya daɗe, ya tambaya yaushe aka daina ɗigawa, na faɗa masa ina kallon ƙasa. Ya ce jijiyar ta mutu, abin da ya rage shi ne ta bambance haske da duhu. Na tambaye shi ko in an tafi Yola yau ɗin nan. Ya girgiza kai, ya ce aikin ba ya dawo da abin da ya tafi, tsare abin da ya rage yake yi, kuma a wancan lokacin akwai abin tsarewa. Ƙanwata ba ta ce mini ai na faɗa maka ba. Ta ɗaure goyonta, ta kama hannun Mama, ta riƙa gaya mata ga matakala, ga kwata, har muka fita bakin titi.

Na yi makonni ban taɓa kwamfutar ba. Ranar da na buɗe ta, da fushi na buɗe. Na danna maɓallin, sai ga wani mai murmushi da kofin ruwan ganye. Na danna masa yatsan ƙasa kamar zan fasa allon. Wani ya fito, na sake. Na yi ta yi kamar mai jifan karen da ya cije shi. Cikin 'yan kwanaki masu murmushin suka ɓace. Sai ga shafukan likitocin ido, ɗaya bayan ɗaya, da bayani dalla-dalla: wannan ciwo ɓarawo ne mai shiga ba motsi, ganin da ya tafi ba ya dawowa, kada a daina ɗigawa, kada a jinkirta aiki. Har wani shafi ya fito da hoton ido a buɗe da ƙarafa, irin wanda na kora a ranar farko. A wannan karon na karanta. Duk abin da nake buƙata in sani yana cikin sakin layi na farko.

Na je wajen abokin aikina mai koyar da kwamfuta, na tambaye shi yadda abin yake zaɓen shafi. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai tun ranar farko ya gaya mini: abin da ka yaba shi zai ƙaro maka, abin da ka ƙi ya ɗauke maka shi. Ya ce ba ya sanin gaskiya da ƙarya, fuskarka kawai yake karanta. Ashe duk watannin nan ba daga sama amsa take zuwa ba. Tsorona ne nake zubawa a ciki da yatsana, yana dawo mini da Turanci mai kyau da hotuna, ni kuma ina cewa amin.

Da yamma na zauna kusa da Mama a tabarma tana ɓarar gyaɗar da aka kawo mata daga gonarta. Na faɗa mata komai da yarenmu, maɓallin da yatsun da addu'ar. Ban san yadda zan fassara mata burauza ba, sai na ce wata irin ƙaguwa ce a cikin kwamfuta. Ta yi dariya har ta ajiye ƙwaryar. Ta ce ashe jikan mai ƙaguwa bai bar gado ba. Sannan ta ce akwai abin da ban sani ba game da babanta. Duk shekarun da ya yi yana duba wa mutane, bai taɓa sa ƙaguwa a kasko don wani na gidansa ba. In ɗansa ya kwanta ciwo, sai ya ɗauki sandarsa ya tsallaka mayo, wato kogi, ya je wajen wani mai duban a bayan dutse. Yakan ce hannun da yake kafa karan yana da abin da yake so, idon da zai karanta ma haka. Na fashe da kuka kamar yaro. Ta lalubo kaina ta dafa, ta ce in daina, ita ma tana da nata, don tun tsakiyar damina ta san duhu yana rufowa, amma ta ga na yi farin ciki, kuma ba ta so a ce maganar Malam ta faɗi ƙasa. Wannan yafiyar ta fi mini kowane zagi ciwo.

Shekaru sun wuce. Wancan maɓalli ban ma san ko yana nan ba, amma 'yan'uwansa sun cika wayoyinmu, kuma na yanzu ko dannawa ba sa jira, kana ɗaga yatsa suna zubo maka. Ba na cewa ku jefar da su, don har gobe ina gode wa abin da ya nuna mini na duniya. Abin da nake roƙonku shi ne, in kuka ga abu yana ta zuwa muku ba ku nema ba, kuma kullum yana faɗin abin da zuciyarku take so ta ji, ku tsaya ku tambayi kanku wane ne ya koya masa. Ku koma ku nemo shafin da kuka rufe da sauri don ya tayar muku da hankali, ku karanta shi har ƙarshe. In maganar lafiyar wani naku ce, ku kai ta wajen wanda ya duba shi da idonsa, kuma ku saurari ɗan gidanku da yake muku gardama, ko a aji nawa ya tsaya. Ku kuma da ake ce muku duk abin da kuka ce shi za a yi, ku ji tsoron wannan magana. Ni na ɗauke ta kirari, ashe kaya aka ɗora mini.

Na daina kwaikwayon kakana a aji. Mama tana wajenmu a Yelwa, ta san kowane lungu na gidan da tafin ƙafarta, kuma har yanzu Malam take kirana. 'Yata ta girma, ita take kai ta coci ranar Lahadi. Wani lokaci Mama takan kira ta ta shafa fuskarta tun daga goshi har haɓa, sannan ta juyo inda take jin motsina ta tambaye ni wa yarinyar ta ɗauko. Nakan ce ke ta ɗauko, Mama, har idon. Sai ta ce to, tunda Malam ya faɗa, haka ne.